Bob Moog: Injiniyan da ya sa lantarki ya yi kiɗa, sannan aka raba shi da sunansa

Ɗauki wayarka ka kunna ɗaya daga cikin waƙoƙin da ake yayi a TikTok. Ka bar muryar mawaƙin, ka bar ganga, ka kasa kunne can ƙasa. Za ka ji wani sauti mai kauri yana gurnani, irin wanda yake sa gilashin mota rawa. Sau da yawa wannan bes ɗin ba jita ba ce, ba kuma wani abu ne da aka kaɗa ko aka busa ba. Haɗa shi aka yi. Furodusa ya zauna gaban kwamfuta ya murɗa wasu maɓallai a manhaja, sai sautin ya fito. To tsarin waɗannan maɓallai, da yadda sautin ke bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, wani injiniya ɗan Amurka ne ya shimfiɗa shi tun 1964. Sunansa Robert Moog, an fi kiransa Bob. Wasalin sunan irin na mota ne, ba irin na mutum ba, wato Mog za ka ce.

Dalilin da ya sa na kawo maka labarinsa shi ne, mutumin ya iya ƙira, ya iya sauraron masu amfani da kayansa, amma kasuwa ta gagare shi. Ta gagare shi har ya shafe shekaru fiye da 20 ba shi da ikon rubuta sunan gidansu a matsayin tambarin kayan da ya ƙera da hannunsa. In kana harkar situdiyo, ko gyaran waya, ko kina da wata sana'a da kike tallatawa a Instagram, akwai abin ɗauka a nan.

Yaron ɗakin ƙasa

An haifi Moog ranar 23 ga Mayu, 1934 a birnin Niyok, ya tashi a unguwar Flushing da ke yankin Queens. Mahaifinsa injiniya ne a Consolidated Edison, kamfanin da ke ba birnin wuta, ka ce NEPA ɗinsu. Mahaifiyarsa ta dage sai ya koyi fiyano, ya kuma koya, amma hankalinsa yana ɗakin ƙasa inda baban yake da teburin aiki, ga wayoyi, ga ƙarfen narka dalma.

Yana ɗan shekara 14 ya ga zanen wani kayan kiɗa a mujallar masu sha'awar lantarki, ya bi zanen ya haɗa. Sunan abin teremin, wani Barashe mai suna Leon Theremin ne ya ƙirƙiro shi wajen 1920. Ba a taɓa shi in za a kaɗa. Eriya biyu gare shi: ka kusanto da hannu kusa da ɗaya murya ta hau, ka motsa ɗayan hannun kusa da ɗaya eriyar ƙara ta ragu ko ta ƙaru. Wannan na'ura ta shiga ran yaron, kuma bai rabu da ita ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A 1953, yana da shekara 19, ya buɗe ɗan kamfaninsa, R. A. Moog Co., yana haɗa teremin yana sayarwa. Bai bar makaranta ba fa. Ya karanta kimiyyar fiziks a Kwalejin Queens, ya karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Columbia, sannan ya wuce Jami'ar Cornell neman digirin digirgir, wanda bai kammala ba sai 1965 saboda sana'a ta raba masa hankali biyu. A 1961 ya rubuta maƙala kan yadda ake haɗa teremin da taransisto, ya kuma tallata kayan haɗin a kan ƙasa da dala 50. Ya sayar da kusan 1,000. Wannan ne ya ba shi ƙarfin gwiwar buɗe shago a wani ƙaramin gari, Trumansburg, kusa da jami'ar.

Haɗuwar da ta canza hanya

A ƙarshen 1963, a wani taron malaman kiɗa a birnin Rochester, Moog yana tallar teremin sai ya haɗu da Herbert Deutsch, malami kuma mai tsara kiɗa. Deutsch yana neman hanyar samar da sautukan da babu kayan kiɗan da ke iya fitar da su. A lokacin akwai irin wannan na'ura, amma ba ta talaka ba ce. RCA Mark II da ke Jami'ar Columbia ɗaki guda ta cika, kuma ba a kaɗa ta da hannu, sai dai a huda takarda a zura mata. Moog ya gayyaci Deutsch shagonsa, suka yi makonni a 1964, ɗaya yana faɗin abin da kunnensa ke nema, ɗaya yana haɗa waya. A watan Oktoba na shekarar Moog ya nuna abin da suka haɗa a taron injiniyoyin sauti a Niyok, kuma nan take aka fara yi masa oda. Abin da ake kira sintesaiza ke nan, na'urar haɗa sauti.

Bari in warware maka yadda take aiki, don in ka gane wannan ka gane kowace irinta, ta ƙarfe ko ta manhaja. Sassa uku ne ginshiƙi.

Na farko shi ne osileta, mai haifar da ɗanyen sauti. Lantarki ne yake kai da komo da sauri, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, lasifika ta mayar da shi ƙara. Siffar kai da komon ita ke ba da ɗanɗano: mai kama da haƙoran zarto tana da kaifi, mai kusurwa huɗu tana fita kamar daga cikin bututu, mai kusurwa uku tana da laushi.

Na biyu filta, wato rariya. Ka ja wasalin a da tsayi, sannan ka riƙa rufe bakinka a hankali da tafin hannu. Ka ji yadda kaifin ke tafiya, kaurin ya rage? Aikinta ke nan. Rariyar Moog, wadda ake kira mai tsani saboda yadda aka jera taransistocinta hawa-hawa, ita ce sirrin wancan kauri da ake yabo.

Na uku shi ne mai tsara rayuwar sauti: yadda zai taso, yadda zai sauko, inda zai tsaya muddin yatsanka na kan maɓalli, da yadda zai mutu in ka saki. Bambancin bugun kalangu da jan goge ke nan, ɗaya ya faso nan take ya ɓace, ɗaya ya taso a hankali ya daɗe. Wani mai tsara kiɗa, Vladimir Ussachevsky, shi ya ba Moog shawarar wannan tsari mai mataki huɗu.

Dabarar da ta ɗaure su duka ita ce, lantarki ne ke juya lantarki. Moog ya kafa ƙa'ida: ƙarin bolt ɗaya yana ninka muryar sau biyu, misali daga girgiza 220 a daƙiƙa zuwa 440. Saboda haka kowane sashe zai iya ba wani umarni ta waya. Shi ya sa na'urorin farko suke kamar allon masu cajin waya a kasuwa, wayoyi ta ko'ina. Wannan shi ake nufi da analog: lantarkin kansa ne sautin, ba lissafin kwamfuta ba.

A daidai lokacin, can Kalifoniya, wani injiniya mai suna Don Buchla yana ƙera tasa na'urar ba tare da sun haɗa kai ba. Buchla ya ƙi saka fiyano a tasa, don a ganinsa zai mayar da mutane ga tsohon kiɗa. Moog kuwa ya saurari Deutsch ya saka. Wannan zaɓi ne ya sa duk wanda ya iya fiyano zai iya zama gabanta ya fitar da wani abu, kuma shi ya sa ta Moog ta fi shiga duniya.

Murya ɗaya tak

Sai dai akwai iyaka. Na'urar murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Ko ka danna maɓalli biyar, ɗaya za ka ji. Kada ka ɗauka nakasa ce. Algaita ma haka take, sarewa ma haka, muryarka ma haka, kuma babu wanda ya ce mai algaita bai iya kiɗa ba.

Wendy Carlos ce ta nuna abin da za a iya yi da wannan iyaka. Ta ɗauki kiɗan Bach, Bajamushen da ya rasu tun 1750, ta riƙa kaɗa shi layi-layi tana naɗa a tef, tana ɗora wani kan wani, tana tsayawa tana gyara saitin na'urar saboda yawan kaucewa da take yi. Faifan, Switched-On Bach, ya fito a 1968, ya ci kyautar Grammy uku, ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Carlos ta kasance cikin masu gaya wa Moog gaskiya kan abin da bai yi ba a na'urarsa, shi kuma ya koma ya gyara. A 1969 ƙungiyar Beatles ta saka Moog a faifanta na Abbey Road. Abin ya kai ƙungiyar makaɗan Amurka ta sa an taƙaita amfani da na'urar a wasu ayyukan kasuwanci na ɗan lokaci, don tsoron za ta raba mutane da abincinsu. Irin fargabar da kake ji yau game da ƙirƙirarriyar basira, ka ga ba sabuwa ba ce.

Ƙaramar da ta fi babbar suna

Suna ya yi suna, amma aljihu bai shaida ba. Babbar na'urar tana kai dala 10,000 ko fiye, masu iya sayenta ba su da yawa, kuma zuwa 1970 oda ta ja baya, bashi ya taru. A cikin wannan hali wani injiniyan kamfanin, Bill Hemsath, ya riƙa amfani da lokacin hutun cin abincinsa yana tsinto ragowar sassa, ya haɗa ƙaramar na'ura wadda aka riga aka ɗaure wayoyinta a ciki. Moog bai yi saurin karɓar ra'ayin ba, amma ma'aikatansa suka dage. Daga nan aka samu Minimoog Model D a 1970: osileta uku, rariya ɗaya, maɓallan fiyano 44, da 'yan ƙafafu biyu a gefen hagu, ɗaya na lanƙwasa murya kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya, ɗaya na sa ta rawa. Mutum ɗaya zai iya ɗaukarta ya hau dandali.

Wani abin dariya, kurakurai na cikin abin da ya yi mata daɗi. Osiletocin uku ba sa taɓa daidaita cif-cif, kowace tana ɗan kaucewa, sai haɗuwarsu ta ba da kauri. Sannan sautin yana shiga rariyar da ƙarfin da ya wuce lissafin farko, sai ya ɗan ƙone, kunne kuma ya so hakan.

Masu shagunan kayan kiɗa sun yi ta ɗari-ɗari da ita, sai da wani ɗan talla, David Van Koevering, ya riƙa yawo da ita gari-gari yana nuna wa makaɗa. An ci gaba da ƙera ta har 1981, an yi kimanin 12,000. Kraftwerk na Jamus sun yi aiki da ita a Autobahn a 1974. Bernie Worrell ya yi bes ɗin Flash Light da ita a 1977, kuma daga wannan layi ne sautin hip-hop na su Dr. Dre ya sha nono. A nan gida Najeriya ma, William Onyeabor na Inugu ya yi faya-fayansa da irin waɗannan na'urori daga ƙarshen shekarun 1970.

Abokan hamayya ba su zauna ba, kuma kowanne da halinsa. ARP Odyssey ta 1972 osileta biyu gare ta, sautinta ya fi siranta da kaifi, ta fi riƙe saiti, tana ma iya fitar da murya biyu. Da ita Herbie Hancock ya yi bes ɗin Chameleon. Korg MS-20 ta Japan, 1978, rariya biyu gare ta, ɗaya na yanke sama ɗaya na yanke ƙasa, sautinta yana da tsawa da kaushi, ga kuma ramukan wayoyi ga mai son gwaje-gwaje. Roland SH-101 ta 1982 osileta ɗaya ce da wata ƙaramar murya a ƙarƙashinta, ba nauyi, tana aiki da batir, tana iya maimaita jerin muryoyin da ka shigar mata. A taƙaice, Minimoog ta fi su kauri, Odyssey kaifi, MS-20 fitina, SH-101 sauƙin sha'ani.

Yadda suna ya kuɓuce

Yanzu ga inda labarin yake da ciwo. A duk abubuwan da ya shigo da su cikin sintesaiza, rariyar nan kaɗai Moog ya yi wa rajistar mallakar fasaha, aka ba shi takardar a 1969. Tsarin juya sassa da lantarki, da sauran dabarun, duk ya bar su a fili, kowa ya ɗiba. A 1971, Minimoog ba ta kai ga fara kawo kuɗi sosai ba, bashi ya tilasta masa sayar da kamfanin ga wani ɗan kasuwa, Bill Waytena, aka kwashe shi zuwa kusa da birnin Buffalo. A 1973 aka sake sayar da shi ga kamfanin Norlin. Moog ya koma ma'aikaci a gidan da ke ɗauke da sunansa. A 1977 ya ajiye aiki ya fita, sunan kuma ya zauna a hannun masu kamfani, domin yana cikin abin da suka saya.

Ka tsaya ka auna wannan. Duniya na kiran kowace sintesaiza da sunanka, kai kuma ba ka da ikon buga shi a matsayin tambarin abin da ka ƙera.

A 1978 ya koma jihar Karolina ta Arewa, kusa da garin Asheville, ya buɗe ƙaramin kamfani mai suna Big Briar, ya koma kan teremin ɗinsa na yarinta. A 1983 Yamaha ta fito da DX7, na'urar dijital mai muryoyi da yawa, mai ajiye sauti a ƙwaƙwalwarta, ba ta kaucewa. Makaɗa suka juya wa analog baya, aka riƙa sayar da tsofaffin Minimoog a araha, tsohon kamfanin Moog ma ya durƙushe. Wannan zamanin dijital ɗin ne daga baya ya kawo fiyanon Yamaha da aka gina kiɗan finafinan Hausa a kansa. Shi kuwa Moog ya yi aiki da kamfanin Kurzweil daga 1984 na wasu shekaru, sannan ya koyar a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Asheville.

Sai yayi ya juyo. A shekarun 1990 matasan hip-hop da masu kiɗan rawa na lantarki suka koma farautar tsofaffin na'urorin, saboda kaurin da ba su samu a sababbin ba, da kuma daɗin murɗa abu da hannu ka ji ya canza nan take. A 2001 aka ba shi kyautar Polar ta ƙasar Suwidin, a 2002 aka ba shi Grammy ta fasaha. A wannan shekarar ta 2002, bayan shari'a, ya karɓo sunansa, ya mayar da Big Briar zuwa Moog Music, ya fitar da Minimoog Voyager. Yana da shekara 68 a lokacin.

Shekara uku kacal ya yi da sunan a hannunsa. A watan Afrilu na 2005 likitoci suka gano ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ranar 21 ga Agusta, 2005 a Asheville, yana da shekara 71.

In kana son farawa

Wataƙila yanzu hannunka ya fara ƙaiƙayi. To bi a hankali, kada ka sayar da wayarka tukuna. Fara da abin da ke gabanka: in kana da FL Studio, buɗe 3xOsc, osileta uku ne kamar na Minimoog. Akwai kuma VCV Rack, manhaja ce ta kyauta da ke kwaikwayon babbar na'ura mai wayoyi. Ka yi wata guda kana haɗa bes daga ɗanyen sauti, ba tare da taɓa wanda aka riga aka ajiye ba. In har ba ka gaji ba, sannan ka yi maganar ƙarfe.

In ka tashi saye, guda ɗaya ta isa. Behringer Model D kwafin Minimoog ce, osileta uku, amma ba ta da fiyano, sai ka jona mata naka, kuma ba ta ajiye sauti. Arturia MicroBrute osileta ɗaya ce, ita ma ba ta ajiya, sai dai komai nata a fili yake, ta dace da mai koyo. Novation Bass Station II tana da osileta biyu da ƙarin ta ƙasa, tana ajiye sautuka, ta dace da mai aikin situdiyo da ke son dawo da sautin jiya. Korg Monologue tana aiki da batir, abin da ba sai na gaya maka amfaninsa a garinku ba, kuma tana bari ka saita muryoyin da ba sa cikin jerin fiyano, in kana son bin sawun goge ko algaita.

Bayan na'urar, kana bukatar abin ji na kunne mai kyau, da waya, da sawunkad da zai kai sautin cikin kwamfuta. Duba jikin adafta kafin ka jona: kayan da aka yi don Amurka na iya zama na bolt 120, wutarmu kuwa 230 ce. Kada ka jona ta kai tsaye a janareta ba tare da sitabilaiza ba. Ka ba ta 'yan mintuna ta ɗumama kafin ka fara naɗa, don analog na kaucewa da sauyin zafi. Ka rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, ƙura na kashe maɓallai. In tana cikin marasa ajiya, ɗauki hoton saitin da wayarka kafin ka murɗa komai. Sannan ka yi yadda Carlos ta yi: naɗi bes, ɗora amshi, ɗora wani layin, ɗaya bayan ɗaya.

Abu na ƙarshe, wanda Moog ya biya shekaru kafin ya gyara. Ranar da wani ya kawo maka takarda, ko ta kamfanin waƙa ce, ko ta mai zuba jari a shagonka, ko ta mai son sayen shafinka, nemi wanda ya san doka ya karanta maka ita. Ka tambaya a fili: wa ke da kiɗan, wa ke da sunan, kuma in muka rabu wa zai tafi da shi? In amsar ba ta fito a rubuce ba, kada ka sa hannu.